Na yi amfani da shafin nan mai lissafa shekarun jiki daga gwajin jini, ga ra'ayina

Tauraro uku cikin biyar na ba shi, kuma ukun nan duk na ɓangaren kyauta ne, ɓangaren da ake biya duk wata kam ban ga abinda zai sa in ce wa wani ya shiga ba. Bazan kira sunan kamfanin ba, irinsu sun yi yawa yanzu a intanet kuma da yawansu abu ɗaya suke yi, zaka ɗora hoton takardar rizalt ɗin gwajin jininka ko ka rubuta lambobin da hannu, ka sa shekarunka na haihuwa, sai ya fito maka da wata lamba ƙatuwa yace wai ga shekarun jikinka nan, ko dai jikin ya girmi shekarunka ko kuma bai kai su ba. Abinda ya ja ni tun farko shine ba sai an yi wani gwaji na daban mai tsada ba, gwajin da aka saba yi ne in mutum yaje a duba lafiyarsa, FBC wato ƙidayar ƙwayoyin jini, da na hanta da na ƙoda da na suga, sai CRP, gwajin kumburi a cikin jiki, shine kawai wanda sau da yawa sai ka roƙa a ƙara maka.

Lissafin ba nasu bane, wannan ya kamata kowa ya sani kafin ya ciro kati. Can ƙasa da ƙananan rubutu suka rubuta cewa PhenoAge suke amfani dashi, fomula ce da Morgan Levine da abokan aikinta suka wallafa a 2018 kuma tana nan a buɗe kowa zai iya ɗauka kyauta. Yadda suka yi shine sun ɗauko bayanan wani babban binciken lafiya na ƙasar Amurka da ake kira NHANES III, wanda aka ɗebi jinin mutane tsakanin 1988 da 1994, manya kusan 10,000, sannan aka bi diddigi shekara da shekaru aka ga su wa suka rasu su wa suke raye, daga cikin ma'aunai 42 da suka fara dasu sai kwamfuta ta tace ta bar guda 9 waɗanda in aka haɗa su da shekarun haihuwa suka fi nuna wanda haɗarin mutuwarsa ya fi yawa. Toh kun ga ke nan lambar da shafin yake baka ba wani agogo bane da aka leƙa cikin jikinka aka karanto, haɗarin mutuwa ne aka juya shi zuwa shekaru. In yace maka 50, abinda yake nufi shine jininka yayi kama da na matsakaicin ɗan shekara 50 a cikin waɗancan mutanen ta fuskar haɗari. Kuma abin yana da gaskiyarsa, a wani binciken da aka sake a 2018 akan wasu mutanen daban sama da 11,000 an ga duk ƙarin shekara ɗaya a wannan lissafin yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa kusan kashi 9 cikin 100. Amma wannan magana ce ta taron jama'a, ba ta ce kai wane ga ranarka ba, rai a hannun Allah yake, kuma shafin bai yi wannan bayanin a inda mutum zai gani ba, ni wannan shine laifinsu na farko a wajena don na san akwai wanda zai ga lambar nan ya kasa barci.

Abubuwa taran sune albumin wanda hanta ke yi, kiriyatinin da ake duba ƙoda dashi, sugan jini, CRP mai nuna kumburi a cikin jiki, yawan fararen ƙwayoyin jini, kason wani nau'insu da ake kira limfosait, MCV wato girman jajayen ƙwayoyin jini, RDW wato yadda girman nasu ya bambanta da juna, sai ALP da ke fitowa daga hanta da ƙashi. Anan shafin ya burge ni gaskiya, ko wanne in ka taɓa shi zai buɗe maka bayani a taƙaice da harshe mai sauƙi, ya nuna maka inda lambarka ta faɗo, kuma in ka sa tsofaffin rizalt zai jera maka su a zane ka ga ina abu yake hawa ina yake sauka. Ni dai da can takardar gwaji in likita yace ba komai ninkewa nake in ajiye, RDW ma ban taɓa tsayawa na kalle shi ba, yanzu kuwa na san me kowane layi yake faɗa, wannan kaɗai ya isa in ce a gwada na kyautan.

Abinda basu nuna ba, kuma shine mafi muhimmanci, shine taran nan ba nauyinsu ɗaya ba ko kusa. In ka zauna da fomular ka lissafa zaka ga RDW in ya ƙaru da ɗigo ɗaya, misali daga 13 zuwa 14, shekara kusan 3 da rabi zuwa 4 yake ɗora maka, alhali 13 da 14 duk suna cikin abinda yawancin ɗakunan gwaji ke cewa lafiya lau tunda iyakar tana wajen 11.5 zuwa 14.5. Suga in ya hau da 1 mmol/L, wato 18 mg/dL, shekara 2 da ɗan ɗoriya. CRP in ya ninka sau goma wajen shekara 2 da rabi. Kiriyatinin duk ƙarin 10 µmol/L kusan shekara 1. ALP kuwa sai ya motsa sosai kafin ka ga wani abu. Ke nan mutum zai iya samun takwas ɗinsa sumul amma RDW shi kaɗai ya maida shi tsoho.

Haka ta faru dani. Rizalt ɗina na farko ya nuna jikina ya girmi shekaruna da wajen biyar, hankalina ya tashi ba kaɗan ba don bana shan taba, sugana daidai, ina tafiya da ƙafa sosai. Shafin ya sa jan launi akan RDW ɗina da ya haura 15, MCV kuma yana ƙasa-ƙasa dab da 80, sai ga shawara ta fito a ƙasa wai in shiga tsarin biya su haɗa min kafso na rage tsufa a riƙa aiko min duk wata, babu inda aka ce je ki ga likita, ko layi ɗaya babu. Ni kuma dama ina fama da gajiya da jiri in na miƙe da sauri, sai na kai wa likita takardar, tana kallo tace a yi feritin, gwajin da ke nuna yawan sinadarin ayon da jiki ya ajiye, aka yi ya fito ƙasa sosai, ƙarancin sinadarin ayon ne saboda jinin al'ada mai yawa. Aka ɗora ni akan magani aka kuma duba dalilin zubar jinin. Ta ce min kar in yi gaggawar sake gwaji don jajayen ƙwayoyin jini kwana kusan 120 suke yi a jiki, kuma a farkon shan maganin RDW yana iya ƙara hawa ma tunda sababbin ƙwayoyi masu girma sun gauraya da tsofaffin ƙanana. Bayan wasu watanni da na sake, RDW ya sauko wajen 13 da rabi, MCV ya hau, shafin ya cire min kusan shekara huɗu har da su tafi da furanni a sikirin wai na ƙara yarinta. Ban ƙara yarinta ba, ƙarancin ayon aka magance, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai don gajiyar ta tafi, amma da na bi shawararsu da ina can ina haɗiyar kafso ciwon yana nan, an bar jaki ana dukan taiki. Abin ma ya fi haɗari ga namiji ko macen da ta daina al'ada, don su in aka ga ƙarancin ayon dole a nemi inda jini yake zuba, sau da yawa a ciki ko hanji, kuma wani lokacin abu ne babba da ake so a kama da wuri. Shafin da yake karɓar rizalt ɗin jinin mutane bai kamata ace ya ga irin wannan ya wuce kai tsaye zuwa talla ba, wallahi wannan ya ɓata min rai.

Sannan akwai abubuwan da ke karkatar da lambar waɗanda basa tambayarka ko ɗaya kafin su lissafa. In kana mura ko ciwon haƙori ko wani infekshin CRP da fararen ƙwayoyi zasu tashi, CRP in ya wuce 10 mg/L yawanci alama ce akwai wani abu da ke faruwa a lokacin, a bari a warke a sake. In ka yi motsa jiki mai tsanani jiya ka je gwaji yau shima zai taɓa. Mai ɗaga ƙarfe da tsoka ta cika masa jiki, ko mai shan kiriyatin, abin da masu gina tsoka ke sha, kiriyatinin ɗinsa zai hau ba don ƙodarsa ta lalace ba, sai fomula ta ƙara masa shekaru, shi kuma dattijon da tsokarsa ta zube nasa zai yi ƙasa sai ta rage masa, kun ga an juya abin ke nan. Mai juna biyu kar ma ta fara, albumin da kiriyatinin suna sauka ALP yana hawa saboda mahaifa, lambar bata da ma'ana a wannan lokacin. Yara da matasa ma haka, da manya 'yan shekara 20 zuwa sama aka gina ta. Mai sikila ko talasimiya, wani ciwon jini na gado, RDW da MCV ɗinsa dama ba irin na kowa bane. Kuma mutane da yawa masu asali daga Afirka a halittarsu fararen ƙwayoyin jininsu basu kai na wasu yawa ba kuma lafiyarsu ƙalau, wannan zai ɗan rage musu shekaru a lissafin ba tare da yana nufin komai ba. Akwatin tambaya guda biyar kacal da sun sa kafin lissafi da sun kauce wa rabin wannan.

Sai matsalar ma'auni, a kula da ita sosai. Wani ɗakin gwajin yana rubuta suga da mg/dL wani da mmol/L, kiriyatinin ma wani mg/dL wani µmol/L, ana ninka na mg/dL da 88.4 in za a juya, albumin wani g/dL wani g/L, CRP kuma fomular da mg/dL take aiki alhali yawancin takardu da mg/L suke zuwa, in aka sa ba a raba da goma ba shekara biyu da wani abu sun hau kanka a banza. Na'urarsu mai karanta hoto tana ƙoƙari amma ta taɓa ɗauko min lambar wani layi ta sa a wani, saboda haka duk abinda ta cike ka bi shi ɗaya bayan ɗaya da takardarka a hannu. Kuma ka nemi hs-CRP, shi ne yake iya auna ƙananan lambobi, na gama-garin wani lokaci ƙasa da 5 kawai zai rubuta maka shikenan, kai kuma baka san me zaka sa ba.

Yanzu maganar yadda ake rage shekarun, wanda shine kowa yake tambaya. Shawarwarin ɓangaren kyauta daidai suke, kawai dai ba sabon abu bane kuma ba sai ka biya kowa ba. Barin taba shine kan gaba, taba tana ɗaga fararen ƙwayoyin jini da kumburi kuma in an bari suna saukowa a hankali. Giya tana ƙara MCV tana wahalar da hanta. Suga shine wanda mutum yake da iko dashi sosai kuma nauyinsa a lissafin babba ne, in ba ka ci komai ba na awa 8 ana so ya zama ƙasa da 100 mg/dL, daga 100 zuwa 125 an kama hanyar ciwon suga, 126 zuwa sama in an maimaita an ga haka ciwon ne. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka aka fitar da sakamakonsa a 2002 ya nuna masu dab da kamuwa da aka sa su a tsarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a sati, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100, ta fi ta masu shan maganin suga na metformin da ta ragu da kashi 31. Kitsen tumbi shi kansa yana ɗaga CRP, in ya ragu zaka ga CRP ya bi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 take cewa a sati na motsa jiki matsakaici irin tafiya da sauri, da kwana biyu na abinda zai ƙarfafa tsoka, gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana. Barci awa 7 zuwa 9. Rage lemon kwalba da kayan zaƙi, ƙara ganye da wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba. Kula da dasashi ma yana ciki, mutane basa kawo shi a rai amma ciwon dasashi da ya daɗe kumburi ne da jiki yake ɗauke dashi kullum. A 2023 an gabatar da wani nazari a taron ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka akan mutane sama da 6,500, waɗanda suka fi kiyaye abubuwa takwas na lafiyar zuciya, wato abinci, motsa jiki, barin taba, barci, nauyi, kwalastarol, suga da hawan jini, shekarun jikinsu a wannan lissafin sun yi ƙasa da na haihuwa da kusan shida.

Amma ina so a rarrabe abu biyu, saukar da lamba daban, rage tsufa daban. Gwajin da ya fi kusa da amsa wannan shine CALERIE, mutum kusan 220 masu lafiya marasa ƙiba sosai aka raba gida biyu, aka ce wa ɓangare ɗaya su rage cin abinci da kashi 25 cikin 100 na shekara biyu, a ƙarshe wajen kashi 12 suka iya ragewa. Da aka auna jininsu da agogunan DNA guda uku, wato gwaje-gwajen da ke ƙiyasta tsufa daga ƙwayoyin halitta, aka wallafa a 2023, guda ɗaya mai suna DunedinPACE ya nuna saurin tsufa ya ragu da kashi 2 zuwa 3 cikin 100, sauran biyun basu nuna wani canji na a zo a gani ba. Shekara biyu fa ana takura wa ciki ƙarƙashin kulawar masana, abinda aka samu ke nan. Toh sai wani yazo yace maka kafsonsa zai cire maka shekara goma cikin wata uku, ka san dai akwai magana. Kayan da suke sa wa a kwandon nasu irinsu NMN da resberatirol ne, ƙarin abinci da ake tallatawa da sunan rage tsufa, NMN gwaje-gwajensa a jikin mutum ƙanana ne kuma na ɗan gajeren lokaci, babu wanda ya nuna yana ƙara tsawon rai, resberatirol kuwa ko a ɓeraye da cibiyar binciken tsufa ta Amurka ta gwada bai ƙara musu kwana ba. Kuma kar a ce ai ƙarin abinci ne baya cutarwa, a shekarun 1990 an yi manyan gwaje-gwaje biyu da aka ba masu shan taba beta-karotin, sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, ana zaton zai kare su, sai kansar huhu ta ƙaru a cikinsu. Ayon ɗin da ya taimake ni ma in wanda bashi da ƙarancinsa ya dinga sha taruwa yake a hanta ya yi ɓarna, shi yasa sai an gwada tukuna.

Wani abin da ya kamata su faɗa da babbar murya shine abinda lissafin baya gani. Babu hawan jini a ciki, babu kwalastarol, babu HbA1c mai nuna matsakaicin suga na watanni, babu ƙarfin zuciya da huhu, babu ƙarfin damtse, babu tarihin ciwon da ke gidanku. Mutum zai iya samun lamba mai kyau yace jikinsa ya gaza shekarunsa da bakwai alhali jininsa yana 160 bisa 100 bai sani ba. Kuma masu lafiya da yawa dama ƙasa suke faɗowa tunda ana gwada su ne da matsakaicin mutanen da suka haɗa da marasa lafiya da mashaya taba na shekaru talatin da suka wuce, don haka in ka ga an rage maka uku ko huɗu ka gode wa Allah amma kar ka ce ka gama da zuwa asibiti.

Ɓangaren biyan kuɗin na shiga na ɗan lokaci don in ga me ke ciki. Abinda aka ƙara shine saƙon tunatarwa, da wani mai amsa tambaya na kwamfuta da yake maimaita abinda ke shafin, da rangwame akan kafso. Na tura musu tambaya akan maganar RDW ɗin, amsar ta daɗe kafin ta zo kuma da ta zo cewa suka yi su ba asibiti bane, toh in ku ba asibiti bane me yasa kuke haɗa wa mutum abin sha bisa rizalt ɗin jininsa. Fita daga tsarin ma sai da na yi ta lalube, maɓallin yana can ɓoye cikin saitin.

Wanda zan ce ya gwada shine baligi mai ƙoshin lafiya da dama yake yin gwajin jini lokaci zuwa lokaci kuma yana so ya fahimci takardarsa. Ya yi a ɗakin gwaji ɗaya kullum don na'urori suna ɗan saɓawa, da safe kafin ya ci komai, ya sha ruwa, ba ya cikin rashin lafiya, bai yi motsa jiki mai nauyi ba kwana biyu kafin nan, kuma ya bar tazarar wata shida zuwa shekara tsakanin gwaji da gwaji, bambancin shekara ɗaya ko biyu tsakanin wannan da wancan kar ya dame shi don jini yana ɗan motsawa haka ko ba a yi komai ba, inda abin ya dosa cikin shekaru shine abin kallo. Wanda kuma yake da saurin shiga damuwa akan lafiyarsa gara ya kai takardar wajen likita kai tsaye ya bar shafin nan.

Kafin ka ɗora hoton takardarka ka rufe sunanka da ranar haihuwa da lambar fayil, ko ma ka rubuta lambobin da hannu yafi, don a cikin sharuɗɗansu akwai inda suka ce suna iya raba bayanai da abokan hulɗarsu kuma basu faɗi su waye ba. Da na rufe asusuna sai da na tura imel daban na nemi su goge rizalt ɗina, rufe asusun kaɗai baya gogewa.